Tsiraicin Ganin Dama Da Tsiraicin Dole

Tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, babu wani abin da ake yi a bangon duniya wanda labarinsa ba ya isowa majalisun hira na ƙasar nan kafin shayi ya huce. Cikin labaran da kan ta da ƙura a irin waɗannan majalisu, ko a Gabukka ta cikin garin Gombe, ko a Fagge ta Kano, ko a Tudun Wadar Zariya, akwai na waɗansu wurare a ƙasashen Turai inda mutane, maza da mata, tsofaffi da matasa, sukan tuɓe tumɓur su yi wanka, su sha hantsi, su ci abinci, babu mai ko ƙyalle a jikinsa. Da an kawo zancen sai a ɗauki salati, wani ya tofar da yawu, wani ya ce lalle duniya ta zo ƙarshe, sa'an nan a koma zancen tsadar masara.

To, salatin dai yana bisa hanya, gama abin ya saɓa wa addini da al'ada da tarbiyyar mutanen wannan ƙasa. Amma fa Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tsiraici iri biyu ne. Akwai na ganin dama, watau wanda mutum ya ci ya ƙoshi, yana da tufafi cike da akwati, ya biya kuɗi don a bar shi ya tuɓe. Akwai kuma na dole, wanda bawan Allah yake tuɓewa a bakin kwari ko a bayan tashar mota, yana waige-waige, domin ba shi da ruwa a gida kuma ba shi da bangon da zai tsare shi. Na farko yana can ƙetaren teku, ba ya kuwa da ranar zuwa Gombe. Na biyun yana nan a cikin gari, shi ne kuma ba a cika yi masa salati ba.

ASALIN ABIN

Ya kamata mai karatu ya fara sanin inda abin ya samo tushe, don kada a yi ta suka a cikin duhu. Wannan ɗabi'a a ƙasar Jamus ta fara kafuwa, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. A wancan zamani masana'antu sun cika biranen Turai da hayaƙi, ma'aikata suna cunkushe cikin ɗakuna masu duhu da danshi, tarin fuka yana ta kashe mutane, yara kuma suna tashi da ƙafafu a gwame saboda rashin hasken rana. Likitoci suka lura cewa haske yana da magani a cikinsa. Har ma a shekarar 1903 aka ba wani likita na ƙasar Denmak, Niels Finsen, lambar yabo ta Nobel sabili da warkar da wani ciwon fata da ya yi ta hanyar haske. Daga nan sai waɗansu suka zarce gona da iri, suka ce ai tufafin ma kansu cuta ne, gara a yar da su, iska da rana da ruwa su taɓa jiki ko'ina.

A wannan shekara ta 1903, kamar yadda masu tarihin abin suke kawowa, wani Bajamushe mai suna Paul Zimmermann ya buɗe wani dandali kusa da birnin Lubek musamman don masu wannan ra'ayi. A 1906 wani kuma, Richard Ungewitter, ya buga littafi a kan tsiraici, aka yi ta sayensa. A 1920 aka keɓe wani yanki na bakin teku a tsibirin Silt don wanka tsirara. Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933 sai suka fara da hana abin, daga baya suka sassauta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara yaɗuwa, musamman a Jamus ta Gabas, inda hukumar 'yan gurguzu ta yi ƙoƙarin hanawa ta kasa, ta sa ido.

Faransa ta biyo baya. A 1950 aka buɗe wani babban sansani a Montalibe, a gaɓar Tekun Atlantika, a nan ne kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan ɗabi'a ta duniya a 1953. A shekarun 1970 aka gina unguwa sukutum a Kap Dagad, a kudancin ƙasar, da kantunanta da gidajen cin abincinta, inda dubban mutane kan yi hutun bazara ba sutura. A Ingila, garin Biraitin ya keɓe wani ɗan yanki na bakin tekunsa a 1980, bayan an sha gardama mai zafi. A nahiyar Afirka kuwa, wata ƙaramar hukuma a lardin Kwazulu-Natal na Afirka ta Kudu ta amince da irin wannan wuri a bakin tekun Mpenjati a 2014, amma malaman coci da jama'ar yankin suka ƙi, har ofishin da ke karɓar koke-koken jama'a ya yanke a 2017 cewa ba a bi ƙa'ida wajen amincewar ba.

Wani abin lura shi ne, ko a can ɗin ba a sake abin ya zama na kowa da kowa ba. Yawancin Turawa ba su taɓa taka irin waɗannan wurare ba. Inda ake yi kuma akan kewaye shi da shinge ko a kafa allon sanarwa tun daga nesa, don kada wanda bai yi niyya ba ya faɗa ciki. Sansanoni da yawa sai da katin ƙungiya ake shiga. An hana ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba, an hana ƙura wa mutane ido, kowa kuma da tawul ɗin da zai shimfiɗa kafin ya zauna. Watau dai har wanda ya yar da riga da wando bai iya yar da shinge ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ɗan Adam, ko ina yake, bai yarda kowane ido ya faɗa kan jikinsa ba.

SHEKARAR BURMI

Mutumin Gombe ya san shekarar 1903 da wani abu dabam. A cikinta ne Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, sa'an nan suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, can wajen Bajoga, inda ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa ran 27 ga Yuli. Turawan da suka bazu cikin Afirka a wancan zamani, 'yan mulki da 'yan mishan, babu hujjar da suka fi kafawa ta cewa baƙar fata bai waye ba kamar rashin tufafi. Sun yi ta ɗaukar hotunan mutanen duwatsu masu ɗaura ganye da warki, suna aikawa gida ana kallo. Ga shi kuwa a daidai wannan lokaci 'yan'uwansu a Jamus suna tuɓewa, suna kiran abin ci gaba da kiwon lafiya. Abu ɗaya, suna biyu: in talakan Afirka ya yi, duhun kai ne, in mai kuɗin Turai ya yi, hutu ne.

Hujjar hasken rana ma ba ta da mazauni a nan. Wanda ya san Gombe a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai awo 40, ya san inuwa ake nema ruwa a jallo. Daɗin daɗawa, likitocin Turai ɗin da kansu yanzu kashedi suke yi cewa yawan gasa fata a rana yana jawo ciwon daji na fata, musamman ga masu farar fata. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

MATSAYIN SUTURA

Wanda yake so ya san darajar rufe jiki a wurin Bahaushe, to, ya saurari bakinsa. Kalmar sutura ita ce ta tufafi, ita ce kuma ta abin da akan yi wa mamaci a ranarsa ta ƙarshe. Babbar addu'ar da uwa take yi wa ɗanta ita ce Allah ya rufa masa asiri. In an ce asirin wane a rufe yake, ana nufin yana da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da roƙo ba. In an ce an yi wa mutum tsirara a bainar jama'a, ko da rigarsa uku a wuya, an gama da mutuncinsa ke nan. Wankan jego, da wankan amarya, da wankan gawa, dukkansu a bayan zana ko bayan bango ake yin su, kowanne kuma da waɗanda aka yarda su shiga.

Addini ya ƙarfafa wannan. Suratul A'arafi ta kawo labarin Annabi Adamu da Hauwa'u, yadda al'aurarsu ta bayyana bayan sun ci daga itaciyar, suka shiga rufe jiki da ganyen Aljanna, ta kuma ambaci tufafi cikin ni'imomin da Allah ya saukar wa 'yan Adam. Larabawan jahiliyya sukan yi ɗawafi tsirara, aka yi shelar hana wannan a shekara ta 9 bayan Hijira. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kowane ɗalibin zaure ya sani, ya hana namiji shiga gidan wanka na jama'a ba tare da gyauto ba. Kiristocin Tangale da Waja da Tula da sauran sassan jihar su ma suna karanta labarin Adamu da Hauwa'u da ganyen ɓaure a sura ta 3 ta Littafin Farawa. A kan wannan magana masallaci da coci bakinsu ɗaya. Dokar ƙasa ma haka: Dokar Hukunta Laifuffuka ta Arewa, wadda aka zartar a 1959, ta tanadi horo ga mai aikata abin batsa ko rashin ɗa'a a wurin da jama'a suke.

Amma kada a ɗauka cewa haka aka tarar da abin tun fil azal a ko'ina. Ibn Batuta, matafiyin nan na Maroko, ya ziyarci daular Mali a 1352 zuwa 1353, zamanin Mansa Sulaiman. Ya yabi mutanen da adalci, da zaman lafiyar hanyoyinsu, da tsare salla, da fararen tufafin da sukan wanke don Juma'a, amma ya yi tir da yadda kuyangi da 'yan mata suke yawo ba sutura har a fadar sarki. Bayan shekara kamar 150, Askiya Muhammadu na Songai ya aika wa Shehu Magili tambayoyi, wato malamin nan da ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a cikinsu har da ta 'yan matan Jenne da ba su rufe jiki sai sun yi aure. Malamin ya amsa cewa wajibi ne a hana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda almajirinsa Buba Yero ya kafa masarautar Gombe, shi ma ya yi ta jan hankali a kan sutura da cakuɗuwar maza da mata. Ashe ke nan suturar da ake taƙama da ita yau aiki ne na ɗaruruwan shekaru.

ABIN DA YA TUFATAR DA JAMA'A

Dattawan da suka haura saba'in sun ga zamanin da yaro a ƙauye yakan kai shekara bakwai ko fi ba wando, manomi ya yi noma da bante, mutanen kan duwatsu kuma su sauko kasuwa da ganye ko fata. Wannan bai taɓa zama shaƙatawa ba, ba kuma fitsara ba ce. Kowace ƙabila tana da iyakar da ta sani ta kunya, wanda ya ƙetare ta kuwa zai gamu da hukuncin dattawa. Sai dai tufa tana da tsada. Kafin auduga ta zama zane sai an gurje, an kaɗa zare, an saƙa, an ɗinka ƙwarya-ƙwarya, abin da ya fi ƙarfin mutane da yawa.

Wa'azi ya yi aikinsa, makaranta ta yi nata, hukumomin En'e ma sun yi nasu. A ƙasar Gana, zamanin Nkrumah, wata 'yar gwagwarmaya mai suna Hannah Kudjoe ta jagoranci yaƙi da tsiraici a arewacin ƙasar, babban makaminta kuwa rabon tufafi ne. A nan Arewa, abin da ya fi kowane wa'azi saurin aiki shi ne arahar yadi da shigar kuɗi hannun manomi. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 tana fitar da akoko. Ƙasar Gombe ta shahara da noman auduga, jirgin ƙasa ya iso garin a 1963, kasuwa ta buɗe, daga baya kuma ga gwanjo. Da mutum ya sayar da audugarsa ya ga zai iya sayen riga da wando, ba wanda ya sake roƙonsa ya sa.

Shaida ta ƙarshe ita ce ta mutanen Koma, mazauna duwatsun Alantika a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. A 1986, zamanin da Kanar Yohanna Madaki yake Gwamnan Jihar Gongola, labarinsu ya cika jaridu, aka yi ta buga hotunan matansu da ganye, ana cewa wai an gano su. Jama'a suka yi ta mamaki. Kaɗan ne suka tsaya suka tambaya, shin ina hanya, ina asibiti, ina makaranta, ina kasuwar da za ta kai musu yadi, alhali kuwa yankin yana cikin Nijeriya tun ƙuri'ar raba gardama ta 1961? Darasin a fili yake. Zagi bai taɓa ɗinka wa kowa riga ba.

TSIRAICIN DOLE

Yau matsalar riga ta kau, saura ta wanka. A ƙauyen da, rafi yana da tsari: ga mashayar maza, ga ta mata can nesa bayan kwana, kowa ya san lokacinsa, namijin da ya bi ta hanyar mata kuwa sai ya yi gyaran murya tun daga nesa, in ba haka ba ya sha tara a gaban mai gari. Birni ya haɗiye rafin, ya bar mutane da bukatar wankan, bai kuwa ba su wani tsari a madadinsa ba.

Gombe ta zama hedkwatar jiha ran 1 ga Oktoba 1996. Tun daga ranar garin yake ta kumbura: ga ma'aikata, ga 'yan kasuwa, ga ɗalibai, ga kuma dubban bayin Allah da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe. Tsofaffin unguwanni irin su Gabukka da Bolari da Pantami da Jekadafari suka cika maƙil. Filin da dā makewayi ne a gida, mai gida ya mai da shi ɗakin haya. Sai a tarar da gida mai ɗaki goma, iyali goma, banɗaki ɗaya, shi ne masai shi ne wurin wanka, wani lokaci ma buhu ne ƙofarsa. Da asuba layi ne. Magidancin da zai fita nema ba zai iya jira ba, sai ya ja bokiti ya raɓa bayan gida. Matar aure kuwa sai ta haƙura har dare ya raba.

Waɗannan ma masu gida ke nan. Ina almajirin da makarantarsu ba ta da ko rijiya? Ina lebura mai sauke siminti, da ɗan dako a kasuwa, da yaron mota, da direban da ya kwana a tasha, da mai jinya da ya zo daga ƙauye ya yi mako a harabar asibiti? Dukkansu 'yan Adam ne, suna zufa, galibinsu kuma akwai wankan da addini ya wajabta musu. Su ne akan gani da magariba a cikin kwari, ko a gindin gada, ko a kangon da ba a gama ginawa ba, mutum ya tsuguna da ɗan kamfai yana watsa ruwa da sauri kamar ɓarawo. Mai wucewa a mota ya kau da kai ya ce mutane ba su da kunya. Da rashin kunya ne, ai da ba su jira duhu ba.

Uwa uba, ruwan kansa. Gombe ta daɗe da sanin ƙishi, gama a sassa da yawa na garin ruwan ƙasa yana da nisa ƙwarai. An gama madatsar Dadin Kowa a kan Kogin Gongola a 1984, kamar kilomita 40 gabas da garin, amma sai a zamanin Gwamna Danjuma Goje, wanda ya yi mulki daga 2003 zuwa 2011, aka jawo ruwanta zuwa cikin gari. An sami sauƙi ƙwarai, sai dai garin ya fi bututun saurin tafiya, har yanzu kuma gidaje da yawa da kurar 'yan ga-ruwa da tankar ruwa suka dogara. Masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana bukatar kamar lita 50 a yini kafin a ce ya sami na sha da girki da wanka da wanki gwargwado. Gida mai mutum 10 ke nan lita 500, watau jarka 20 mai cin lita 25, kullum ta Allah. Magidancin da yake saye da kuɗinsa, in ya lissafa, abin da zai fara yankewa shi ne wankan yara. Sai ya ce su tafi kududdufi.

ABIN DA KE CIKIN KUDUDDUFI

A nan ne maganar ta wuce ta kunya ta zama ta rai. Ruwan da ke kwance, ko kududdufi, ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, ko gefen madatsa da magudanan noman rani, shi ne gidan tsargiya. Yadda abin yake shi ne, mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa su hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba, taɓawa kaɗai ta isa. Tsutsar takan zauna a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara shekara da shekaru. Alamarta fitsarin jini, wanda a waɗansu wurare har ake ɗauka alamar balaga ce ga yaro, alhali kuwa cuta ce mai rage jini, mai dakushe karatu, mai iya lalata mafitsara da ƙoda, ga mata kuma takan taɓa mahaifa. Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu wannan ciwo. Akwai magani, ana ma raba shi a makarantu, amma yaron da ya sha yau ya koma ruwan gobe, an yi ba a yi ba ke nan.

Ban da wannan, kowace damina sai an ji labarin yaran da suka nutse a ramukan da ruwa ya cika, ko waɗanda ambaliya ta share a cikin kwari, gama kwarin Gombe yakan kawo ruwa farat ɗaya ko da ba a yi ruwan a unguwar ba. Ga kuma sabuwar fitina, watau ita wayar da ta kawo labarin Turai. Yanzu ɗan iska yakan laɓe ya ɗauki hoton mai wanka ya watsa wa duniya don a yi dariya. A sansanin masu tsiraicin ganin dama, wanda ya yi haka korarsa za a yi nan take. A nan kuwa talakan da dole ta tuɓe shi ba shi da mai tsare masa ko wannan ɗan haƙƙi.

GIDAN WANKA

Maganin ba sabon abu ba ne. Biranen Musulmi tun daga Bagadaza har Fas sun shahara da gidajen wanka na jama'a, galibi kusa da masallaci ko kasuwa, da yawansu kuma wakafi ne. A Istanbul akwai wanda shahararren magini Sinan ya gina a 1584, da ɓangaren maza da na mata, har yau ana wanka a cikinsa. Turawan Ingila ma, tun kafin a yi zancen bakin tekun Biraitin, sai da suka fara da na talakawa: birnin Libaful ya buɗe gidan wanka da wanki na jama'a a 1842, majalisar ƙasar kuma ta yi doka a 1846 wadda ta ba hukumomin garuruwa iznin gina irinsu da kuɗin jama'a, da sharaɗin a sa kuɗin shiga mai rahusa. In lalle sai an kwaikwayi Turai a sha'anin wanka, to, ga abin kwaikwaya.

A garuruwan Arewa akwai gidajen wanka na 'yan kasuwa a bakin tashoshi da kasuwanni, masu su kuma sun cancanci yabo, domin sun rufa wa mutane da yawa asiri. Amma sun yi kaɗan, a cikin unguwanni ba a cika samunsu ba, waɗansu ƙazantarsu takan kori mutum, kuma kusan dukkansu na maza ne. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da bahaya a fili, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umurni na musamman a watan Nuwamba 2019 da nufin a gama a 2025. Binciken hukuma na 2021 ya nuna mutum miliyan 48 ne ke yin haka, Jihar Jigawa kuma ta zama ta farko da aka tabbatar ta rabu da abin a 2022. Wa'adin ya wuce ba a kai gaci ba, aikin yana nan. To, tun da za a ci gaba da gina masai, me zai hana kowanne a haɗa shi da ɗakin wanka? Bango ɗaya ne, bututu ɗaya ne.

Ko wankan shaƙatawa ma, wanda ba laifi ba ne, ana iya yinsa cikin sutura. Mutanen Gombe sun san ruwan ɗumi na Wikki a gandun dajin Yankari, tun suna jiha ɗaya da Bauchi, ruwa garai-garai mai ɗumin awo 31 dare da rana, rani da damina. Shekara da shekaru baƙi daga ko'ina suna iyo a cikinsa da kayan wankansu. Da masu otal-otal da hukumomin wasanni za su keɓe ranaku ko sa'o'i na mata zalla a wuraren iyo, da ma'aikata mata, su kuma koya wa yara iyo, da an rage masu nutsewa, an kuma ba rabin al'umma abin da kunya ta hana su.

Saura aiki, kowa kuma da nasa. Hukumar tsara birane kada ta amince da zanen gidan haya sai ta ga yawan makewayi ya dace da yawan ɗakuna, masu duba-gari kuma su koma zagayen da aka san su da shi. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, da suke karɓar kuɗi kullum a tasha da kasuwa, su fitar da wani abu daga ciki su gina wurin wanka mai ƙofa, da ɓangaren mata mai mashiga dabam da mace mai tsaro. Malamin tsangaya da iyayen da suka kawo masa yara su san cewa ruwan wanka yana cikin haƙƙin yaro kamar allo da tawada. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana, ya duba unguwar da masallatai suka yi kusa da juna har ana jin kiran sallar wannan a cikin wancan, amma babu inda baƙo zai yi wankan tsarki. Rijiyar burtsatse ɗaya da ɗakuna shida a irin wannan wuri, lada ce da ba ta yankewa. Masu unguwa kuma su ja kunnen samari a kan ɗaukar hoton mutane, a kai wanda ya ƙi ji gaban hukuma.

Mutanen bakin tekun Faransa ba su san da Gabukka ba, tofin da ake yi musu daga nan kuma ba ya isa can. Amma yaron da ke wanka a kwari ɗan unguwa ne, ana sanin ubansa, ana kuma iya gina masa bango kafin damina mai zuwa. Allah ya rufa wa kowa asiri, duniya da lahira, amin.